Ƙugiyar jan tirela ta asali a tsohuwar motar zango ta Volkswagen

Ƙugiyar jan tirela ƙarfe ne da ake ɗaurewa a ƙasan bayan mota, wanda yake ƙarewa da wani dunƙule mai kama da ƙwallo, inda bakin tirela yake hawa ya kama. Idan masu tsofaffin motocin zango na Volkswagen, wato motocin da aka mayar ɗakin kwana don tafiya, suka ce ƙugiya "ta asali", suna nufin ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai tsohuwar ƙugiya da aka ƙera a zamanin motar, ko kuwa sabuwa da aka kwaikwayi fasalin tsohuwar. Dukansu sun bambanta da ƙugiyar zamani irin ta Amurka, mai bututu mai kusurwa huɗu da ake zura maƙalai daban-daban a ciki. Muhawarar da ake yi a kan ƙugiyar asali ita ce ko tana da amfani a aikace, ko ado ce kawai da ke ƙara wa motar kamannin zamaninta. Amsar ta fi rataya a kan motar fiye da ƙugiyar, domin a mafi yawan lokuta inji da birki da lafiyar ƙarfen ƙasan motar ne suke fara gazawa.

Motar

Motar da ake magana a kanta ita ce Volkswagen Type 2, wadda ake kira Transporter ko Kombi. An fara ƙera ta a Wolfsburg ta Jamus a watan Maris na 1950, bayan wani zane da Ben Pon, dillalin motocin kamfanin a ƙasar Holan, ya yi a 1947, sannan aka mai da aikin Hanover a 1956. Samfurin farko, T1, mai gilashin gaba da aka raba biyu, ya ci gaba a Jamus har 1967. T2 mai gilashi guda ya gaje shi har 1979, ko da yake a Brazil ba a daina ƙera shi ba sai a ƙarshen 2013. Mutanen Najeriya sun san dangin wannan mota, domin da ita aka fara sana'ar danfo a Legas, amma al'adar mai da ita ɗakin kwana da ɗan madafi ta Turai ce da Amurka.

Abin da ya fi shafar batun ƙugiya shi ne injin motar a baya yake, kuma a waɗanda aka ƙera a Jamus iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto. Injin farko na cc 1131 ne mai ƙarfin doki 25. A hankali aka ƙara shi zuwa cc 1192, sai cc 1493 a 1963, sai cc 1584 a farkon T2 mai ƙarfin doki kusan 47 zuwa 50, kuma mafi girman injin T2, mai lita biyu, bai wuce ƙarfin doki 70 ba.

Westfalia da ƙwallon ƙarfe

Kamfanin Westfalia na garin Wiedenbrück ya samo asali ne daga wata maƙera da Johann Bernhard Knöbel ya kafa a 1844. Kamfanin ne ya fara mai da Transporter motar zango a 1951, kuma shi ne Volkswagen ta riƙa a matsayin babban mai yi mata wannan aiki shekaru da dama. Wannan gida ne kuma ake danganta wa ƙirƙiro ƙugiya mai kan ƙwallo, ta hannun Franz Knöbel, a farkon shekarun 1930. Saboda haka ƙugiyar Westfalia a bayan motar zangon Westfalia ba baƙuwa ba ce, daga gida ɗaya suka fito, kuma wannan ne ya sa masu tara tsofaffin motoci suke nemanta ruwa a jallo. Kamfanin ya kuma ƙera ƙananan tireloli na kaya, irin su samfurin Essen, waɗanda nauyinsu ya dace da ƙarfin motar.

A Turai faɗin ƙwallon milimita 50 ne, bisa ƙa'idar ISO 1103, kuma wannan awo bai canja ba, don haka bakin tirelar da aka ƙera bana yana hawa ƙwallon da aka ƙera a 1970 ba tare da matsala ba. A Amurka ƙananan tireloli suna amfani da ƙwallon inci 1⅞ ko inci 2. Inci 2 kuwa milimita 50.8 ne. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, ido ba ya ganinsa, amma bakin da aka yi wa inci 2 yana iya yin sako-sako a kan ƙwallon Turai, bakin Turai kuma yana iya ƙin zama sosai a kan na Amurka. A ƙugiyoyin asali da yawa an haɗe ƙwallon da wuyansa tun daga masana'anta, ba a kwance shi a sauya, sai dai a sauya bakin tirelar.

Yadda take ɗaure, da abin da take tarewa

A motar da injinta yake gaba, bayanta fili ne, ƙugiya tana samun wurin zama cikin sauƙi. A Kombi kuwa duk abin da ke bayan tayoyin baya inji ne da salansa. Ƙugiyar asali tana kama dogayen ƙarafan shasi biyu da ke gefen injin, galibi a wurin da ƙafafun bamba suke ɗaure, sannan wani ƙarfe ya ratsa tsakaninsu ya fito da ƙwallon a ƙarƙashin bamba. Wasu samfuran suna da hannuwa da ke miƙewa gaba ta ƙarƙashin injin domin raba nauyin.

Wannan tsari yana da tsada ta fuskar gyara. A T1 da kuma T2 har zuwa samfurin 1971, farantin bodi da ke ƙasan murfin injin ana kwance shi ne da noti, a zare injin ta baya kamar aljihun tebur, aikin da bakanike ƙwararre yake gamawa cikin ɗan lokaci. Idan akwai ƙugiya, sai an fara sauke ta tare da bamba, kuma notinan da suka shekara suna shan ruwa da gishirin titi ba sa kwancewa da daɗi. Wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin irin wannan mota ya san ƙuncin wurin: salansa a gaban fuska, ƙarfen ƙugiya a bayan ƙeya, sifana kuma ba ta samun inda za ta juya. An auna ƙugiyar asali ne da salansar asali, don haka manyan salansoshin da ake sa wa injin da aka ƙara wa ƙarfi sukan ci karo da ita. Haka nan motar da aka sauke ta ƙasa don ado, kamar yadda ake yayi, ƙwallonta yakan faɗo ƙasa da tsayin da ƙa'idar Turai ta tanada, wato milimita 350 zuwa 420 daga ƙasa idan motar tana ɗauke da kaya, sai tirelar ta riƙa tafiya a sunkuye, ƙugiyar kuma tana gogar ƙasa a mashigin gidan mai.

Ƙarfin ƙugiya da ƙarfin mota

Ƙugiyar da aka gwada a Turai tana ɗauke da ɗan allo da aka buga lambobi a kai. A ƙugiyoyin da suka bi ƙa'idojin baya-bayan nan, lamba ɗaya ita ce D, ƙarfin ja da tunkuɗa da ƙarfen zai jure, ɗayar kuma S, nauyin da bakin tirela zai iya dannawa a kan ƙwallon. Ana lissafin D ne ta hanyar ninka nauyin mota da na tirela, a raba da jimillarsu, sannan a ninka da 9.81. Misali, motar tan 2.2 da tirelar kilo 800 suna buƙatar ƙugiyar da D ɗinta ya kai kusan kilonuton 5.8 (kilonuton ma'aunin ƙarfi ne). Wannan ba wani babban nauyi ba ne ga ƙarfe mai lafiya, shi ya sa ba kasafai ƙugiyar kanta take karyewa ba.

Inda matsalar take shi ne motar zango ta riga ta ɗauki kaya tun kafin a ɗaura mata komai: kabad, gado, tankin ruwa, tukunyar gas, rufin da ake ɗagawa, ga mutane. Injin da ke jan wannan duka a kan tudu yana aiki da iyakar ƙarfinsa, kuma tun da fankar da ke sanyaya shi injin ne ke juya ta, idan direba ya bar motar a babbar giya tana nishi, zafi yana ƙaruwa a daidai lokacin da iskar take raguwa. A injinan da aka yi kafin 1971 abin sanyaya mai yana cikin akwatin fanka, yana ɗumama iskar da ke zuwa silinda ta uku, kuma bawul ɗin wannan silinda ne ya yi ƙaurin suna wajen ƙonewa. Man irin wannan injin gaba ɗaya lita biyu da rabi ne. Ƙara wa irin wannan inji tirela a lokacin zafi yana bukatar sauka zuwa giya ta uku da wuri, da haƙurin barin kowa ya wuce.

Birki shi ne abu na biyu. Har zuwa 1970 duk tayoyin huɗu birkin ganga ne da su, sai a samfurin 1971 aka sa birkin faifai a gaba. Birkin ganga yana yin sanyin kamu idan ya yi zafi a doguwar gangara, tirelar da ba ta da birkinta kuwa tana tura motar daga baya. Dokar Turai ta tsai da nauyin tirela marar birki a kilo 750, Birtaniya ta ƙara da cewa kada ya wuce rabin nauyin motar babu kaya, amma adadin da ke cikin takardun motar ne ake bi idan ya fi wannan ƙanƙanta.

Tsatsa ita ce abin da allon lambobi ba ya faɗa. Motar da ta haura shekara hamsin, ƙarafan shasinta na baya sukan cinye daga ciki, fenti yana nan da kyau a waje. Ƙugiya mai ƙwari da aka ɗaure a jikin ruɓaɓɓen ƙarfe ba ta fi ƙarfen ƙarfi ba, kuma idan abin ya zo, tare za su ɓalle. Tsohuwar ƙugiyar da aka sayo ta hannu ita ma tana iya ɗauke da tsaga a wurin walda, ko ƙwallon da ya sha gurza har ya ragu. A nan sabuwa mai fasalin asali ta fi, in dai an gwada ta an ba ta shaida, domin akwai waɗanda ake ƙerawa don kamanni kawai, babu allo babu lamba.

Doka da wuta

A Birtaniya, wajabcin ƙugiya mai shaidar gwaji ya shafi motocin fasinja da aka fara yi wa rajista daga 1 ga Agusta 1998, don haka tsohuwar Kombi ta tsira daga wannan sharaɗi, ko da yake dole ƙugiyar ta kasance mai aminci. Jamus ta fi tsauri wajen takardun ƙugiya, sai dai a can ƙugiyar asali tana da wata fa'ida: lambar H ta motocin tarihi da ake ba motocin da suka kai shekara 30 tun daga 1997 tana bukatar duk abin da aka ƙara wa mota ya dace da zamaninta. Iyakar gudu da tirela a Jamus galibi kilomita 80 ne a awa, a manyan titunan Birtaniya kuma mil 60, kuma wannan ba takura ba ce ga motar da dama a nan take jin daɗin tafiya.

Motocin da aka ƙera kafin samfurin 1967 da wutar bolt 6 suke aiki, fitilun tirelar yau kuwa na bolt 12 ne, don haka sai an sauya ƙwayayen ko an mai da motar bolt 12. Soket ɗin zamanin mai ƙafa 7 ne, sababbin tirelolin Turai da yawa kuma masu ƙafa 13 ne, amma ana sayar da maƙalin da ke haɗa su. Tsohuwar na'urar sigina ma ba lallai ta ɗauki ƙarin ƙwayaye ba.

Abin da take iya yi

Ga ƙaramar tirelar kaya, ko ɗan kwale-kwale, ko ƙaramin ɗakin kwana irin Eriba Puck da aka fara yi a ƙarshen shekarun 1950, ƙugiyar asali ta wadatar, kuma akwai hikima a ciki, domin kwashe tanti da kujeru da jarkoki daga rufin mota zuwa tirela yana rage mata tangaɗi a iska, wanda dama ciwonta ne. Sharaɗin shi ne a daidaita lodin yadda bakin tirelar zai danna ƙwallon kaɗan. Jamus ta tanadi aƙalla kashi 4 cikin ɗari na nauyin tirelar, ba tare da an tilasta wuce kilo 25 ba, a Amurka kuwa an saba da kashi 10 zuwa 15, wanda yake da yawa ga motar da inji ya riga ya danne bayanta.

Inda take gazawa shi ne wurin da masu motocin na yau suka fi bukatarta. Da yawansu ba tirela suke son ja ba, maɗaukin kekuna ko akwatin kaya suke son ratayawa. Irin waɗannan maƙalai a Amurka an yi su ne don bututun inci 1¼ ko inci 2, ba su da inda za su shiga a ƙugiyar asali. Na Turai suna damƙe ƙwallon ne kai tsaye, amma duk nauyinsu yana rataye a nesa da bamba yana murɗa wuyan ƙugiyar a kowane rami, nau'in wahalar da ba a auna tsohuwar ƙugiya da ita ba. Kekuna biyu masu baturi tare da maɗaukinsu suna iya kai kilo 60 ko fiye. Bayan haka maɗaukin yana tare murfin injin, alhali injin mai sanyin iska yana bukatar a leƙa mansa da fambel ɗinsa a duk tsayawar shan mai.