Masu haɗa ɗaga ƙarfe da dogon gudu, don Allah ku bar jiki ya huta

A 'yan watannin nan da wuya mako ya wuce ban ga matashi ya shigo asibiti yana ɗingishi ba. Ka ga jiki a murɗe, damtse a cike, amma ƙafa ta ƙi takuwa. Wani ƙauri, wani gwiwa, wani jijiyar dunduniya. In na tambaya, labarin ɗaya ne: da yamma ya ɗaga ƙarfe mai nauyi da ƙafafu, da sassafe ya fita gudun kilomita goma ko fiye, haka yau, haka gobe, babu ranar hutu.

Haba 'yan'uwa! Wa ya ce muku hutu ragwanci ne?

Ban ce ku bar ɗaya ba. Wallahi ina farin ciki in na ga mai ɗaga ƙarfe yana gudu, don zuciya ma tana son aikinta, kuma mai gudun da ke ƙarfafa cinya da ƙugu ya fi jure hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, ya kuma ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Duka biyun ake so. Abin da ke ɓata min rai shi ne cusa su wuri ɗaya ba numfashi.

Tsoka ba a ƙarƙashin ƙarfe take ginuwa ba, sai bayan ka ajiye shi ka yi barci. Tun 1980 wani mai bincike a Amurka, Robert Hickson, ya gwada mutanen da suka haɗa ɗaga nauyi da gudu da tuƙa keke kusan kullum na mako 10. Wajen mako na 7 ƙarfin ƙafarsu ya daina ƙaruwa, daga baya ma ya fara raguwa. Wato wahalar da kake sha tana cinye abin da kake nema.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya kuwa, sai ƙafa ta fara ciwo ka haɗiyi maganin kashe zafi ka koma fili. Ciwon ƙashi da ke tsaye wuri ɗaya, wanda za ka iya nunawa da yatsa, yana iya zama tsagewa. Magani ya rufe masa baki, kai kuma kana ƙara buɗe shi da kowane taku. Mako nawa za ka yi a zaune bayan nan, saboda ka ƙi hutun kwana ɗaya?

Ga abin da nake faɗa wa kowa:
- Zaɓi wanda ka fi so a wannan lokacin, ƙarfi ko nisa, ka sassauta ɗayan.
- Bayan ɗaga nauyi da ƙafafu, ba su kamar kwana 2 kafin gudu mai wuya.
- In dole rana ɗaya ce, raba su da sa'o'i.
- Ƙara nisa kaɗan-kaɗan.
- Kwana ɗaya a mako, hutu cikakke. Sha ruwa, yi barci.

In kuwa tsoka ta kumbura da ciwo mai tsanani, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, kar ka jira gari ya waye. Tsoka ce ke farfashewa, kuma ƙoda na iya taɓuwa. Taho asibiti a ranar, kada ka sha maganin kashe zafi a hanya.