Waiwaye: Daga gidan mai zuwa zauren majalisa

Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tambaya ɗaya ta ƙi barin bakin jama'a: me ya sa dillalan mai ke rububin kujerun siyasa? Wasu na cewa kuɗi ne ya yi musu yawa, wasu na cewa kasuwarsu suke tsarewa. Misalin da aka fi sani shi ne marigayi Ifeanyi Ubah, ɗan Nnewi da ya kafa kamfanin Capital Oil. Ya nemi gwamnan Anambra a 2013 bai samu ba, ya zama sanata a 2019, ya rasu a 2024. Sai dai hanyar da shi da ire-irensa suka bi, an share ta tun suna yara.

Farkon labarin kowa ya haddace shi. An gano mai a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi a 1958, Najeriya ta shiga OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, a 1971, an kafa NNPC a 1977.

Shekarar da ba a cika waiwaya ba ita ce 1975. A farkon shekarun 1970 an yanke cewa farashin lita ya zama ɗaya a ko'ina cikin ƙasa, Legas ko Maiduguri. Niyya ce mai kyau, domin bai kamata nisan gari da teku ya zama laifin mazauna cikinsa ba. To amma tankar da ta yi lodi a Apapa da ke Legas ta nufi Arewa tana cin gas da taya da kwanaki a hanya, kuma dole wani ya biya. Shi ya sa a 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, domin a riƙa mayar wa dillali kuɗin dakonsa.

Daga nan sana'ar ta canja kama. Direba ya yi lodi, ya karɓi takardar kaya, a buga mata hatimi a daffon da ya sauka, sannan maigidansa ya shigar da ita ya zauna jiran biya, wani lokaci watanni, bashin banki na ta hauhawa. A wancan lokacin, farashin da zai sayar ba shi ya yanka ba, ribarsa a kan kowace lita a rubuce take. Mai sayar da shinkafa cinikinsa da mai saye ne. Mai gidan mai kuwa, rabin kasuwarsa na kan tebur a ofis. Wanda arzikinsa ya rataya a kan sa hannu, ba abin mamaki ba ne ya so zama kusa da inda ake rubuta ƙa'idar. A ganina nan ne tushen, ba yawan kuɗi ba.

Da matatun Fatakwal da Warri da Kaduna suka durƙushe, ƙasa ta koma dogaro da man waje, sai izinin shigo da mai da kuɗin tallafi suka ƙaru a kan takardun da ake jira. Zanga-zangar Janairun 2012, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 kafin a mayar da ita 97, a kan tallafin ta tsaya, ba wanda ya ɗaga kwali a kan kuɗin dako.

Dokar man fetur ta 2021 ta narkar da wancan asusu cikin sabuwar hukumar da ke sa ido kan rarraba mai, kuma yau farashin lita a Legas daban yake da na Maiduguri. Duk da haka, lasisin daffo da na shigo da mai har yanzu a ofis ake neman su.