Ginin Majalisar Birnin Stockholm

Ginin Majalisar Birnin Stockholm, wanda mutanen Suwidin ke kira Stadshuset, shi ne mazaunin hukumar da ke gudanar da babban birnin ƙasar. Yana ƙarshen gabashin tsibirin Kungsholmen, a bakin ruwan Riddarfjärden, inda tafkin Mälaren ke gab da haɗuwa da tekun Baltik. A duniya an fi saninsa da liyafar kyautar Nobel, amma asalin aikinsa na yau da kullum shi ne na ofis: a nan 'yan majalisar birnin su 101 ke zama.

Kafin ginin, filin na wata masana'antar niƙa ce mai suna Eldkvarn, wadda ta yi mummunar gobara a 1878. A 1907 majalisar birni ta yanke shawarar gina sabon mazauni a wurin, aka ba Ragnar Östberg aikin zane. An fara gini a 1911, ba a gama ba sai bayan shekara goma sha biyu. An buɗe shi ran 23 ga Yuni, 1923, ranar da aka zaɓa da gangan don ta dace da cika shekara 400 da shigar Sarki Gustav Vasa birnin.

An yi amfani da jan bulo kusan miliyan takwas. Östberg ya ɗauko salo daga wurare daban-daban ya gwama: baka-bakan da ke fuskantar ruwa suna tuna wa mai kallo fadojin Venis na Italiya, kaurin bango da launin bulon kuwa na tsofaffin ganuwoyi da coci-cocin arewacin Turai ne. Hasumiyar tana da tsawon mita 106, a ƙolinta akwai kambi uku masu ruwan zinari, tambarin ƙasar Suwidin tun zamanin da.

Abin da ya fi bambanta ginin shi ne yadda mai zanen ya yi ta canza ra'ayi ana cikin aiki. Babban misali shi ne zauren da ake kira Blå hallen, wato Shuɗin Zaure. Babu shuɗi a jikinsa ko kaɗan. Östberg ya yi niyyar shafe bangon da shuɗin fenti, amma da ya ga kyawun bulon tsirara sai ya fasa. Sunan kuma ya riga ya bi baki, ya zauna. A wannan zaure ne ake shirya liyafar Nobel ran 10 ga Disamba kowace shekara, ranar rasuwar Alfred Nobel, inda baƙi kusan 1,300 ke cin abinci tare da gidan sarauta. Akwai kuma katafaren ogan a ciki, wato abin kiɗa irin na coci, mai bututu sama da 10,000.

Daga nan matakala ke hawa zuwa Gyllene salen, Zauren Zinari, inda ake rawa bayan liyafar. An lulluɓe bangonsa da 'yan ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinari fiye da miliyan 18, aikin mai zane Einar Forseth. Babban hoton da ke bangon ƙurya na wata mace ce zaune bisa karaga, Sarauniyar Tafkin Mälaren, wadda ke wakiltar birnin kansa, Gabas da Yamma na gefenta biyu. A ɗaya ɓangaren kuwa lissafi ya kuskure, har hoton Waliyi Erik, majiɓincin birnin, ya rasa kai, domin rufi ya tare wurin.

Zauren zaman majalisa, Rådssalen, ya fi sauran natsuwa. An bar katakan rufinsa a buɗe, kamar na dogayen gidajen mutanen Viking, mazauna yankin a zamanin da. Akwai kuma Gidan Hoton Yarima, wanda Yarima Eugen, ɗan gidan sarauta kuma mai zane, ya ƙawata da hotunan gaɓar ruwan birnin. A gindin hasumiya, daga waje, an kafa kabarin Birger Jarl mai ruwan zinari, mutumin da ake danganta kafa Stockholm da shi a ƙarni na 13. Kabarin fanko ne, gawarsa tana cocin Varnhem, nesa da Stockholm.