Gudun 50 a Cikin Gari: Abin da Dokar Titi Ta Ɗora wa Direba da Mai Tafiya a Ƙasa

Ka tsaya kusa da shataletalen Dandima a Sakkwato da rana, lokacin tashin 'yan makaranta. Za ka ga yarinya riƙe da hannun ƙanenta, ta sa ƙafa a kwalta ta janye, ta sake sawa ta janye. Mai kabu-kabu ya ɓullo ta hannun da ba nasa ba, mai mota kuma waya manne a kunne. Kowannensu akwai abin da doka ta ɗora masa, amma galibinmu ba ma jin labarinta sai ranar da aka tare mu, mu hau tambayar "mi na yi?"

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, an kafa ta a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Yau tana aiki da dokar da aka yi mata a 2007 da ƙa'idojin zirga-zirga na 2012, kuma a nan aka jera laifuka da tarar kowanne.

Babban abin da ya shafe mu shi ne gudu. A cikin gari, inda akwai gidaje da kasuwanni da makarantu, iyakar ƙaramar mota, tasi, bas da babur kilomita 50 ce a awa. Tirela da tanka 45. Sai an fita babbar hanya, kamar ta Gusau ko ta Illela, ƙaramar mota ke da izinin 80, babbar mota kuma 50. Ke nan faɗin Titin Maiduguri ko kyan kwaltar Titin Ahmadu Bello ba su ƙara wa kowa ko kilomita ɗaya ba.

Me ya sa 50? Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Mai gudun 80 tana cin fiye da mita 22. Kafin ido ya ga yaro, ƙafa ta bar totur ta koma birki, an riga an shafe wannan tazarar, motar ba ta ma fara tsayawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum da mota ta buge a gudun 50, haɗarin mutuwarsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, amma a gudun 80 ya kusa kashi 60. Tarar wuce iyakar gudu a jadawalin dokar naira 3,000 ce, kuɗin da a yau ko lita huɗu na fetur ba zai saya ba. Ni dai ban ga direban da wannan zai tsorata ba. Lissafin mitocin nan ya fi cancanta a ji tsoronsa.

Sauran tarar a taƙaice: waya a hannu ana tuƙi 4,000, rashin ɗaura bel 2,000, tuƙi ba lasisi 10,000, lodin da ya wuce kima 10,000, tuƙin ganganci 50,000. Ba a ba da lasisi sai mutum ya cika shekara 18, saboda haka uban da ya miƙa wa ɗan sakandare makulli don ya je kilisar biki ya taimaka wajen karya doka. Kuma ba a biyan tara a hannun jami'i a gefen titi. Takarda za a rubuta maka ka biya ta banki, in ba ka yarda da laifin ba kana da damar zuwa kotu.

Hular kwano ita ce dokar da muka fi yi wa kunnen ƙashi. Ta hau kan mai babur da wanda ya goya, tararta 2,000. Uzurin sananne ne: zafi. Gaskiya ne, wanda ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu ba zai yi wa mai kabu-kabu dariya ba. Sai dai babur ba shi da bango ba shi da rufi, in aka faɗi kai ne ke fara isa kwalta. Wannan zafin dai shi ke fasa tsohuwar taya. Duba gefen tayarka, akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar FRSC na ɗaukar cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da zanenta bai goge ba.

Mai tafiya a ƙasa ma ba a bar shi haka ba. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama, don haka inda babu gefen da aka keɓe wa masu ƙafa, ka bi hagu, kana fuskantar motar da ke zuwa. Wadda ka ba baya ba ka san abin da take yi ba. Kafin ka tsallaka, duba hagu, duba dama, ka sake duba hagu. Kada ka fito ta gaban bas ko tirelar da ta tsaya, domin wanda ke wuce ta ba ya ganinka. Da dare, ko da asuba in hazon hunturu ya sauka, farar riga ta fi baƙa. Inda aka ja farin zane na tsallakawa, da zarar mutum ya sa ƙafa, wajibi ne direba ya tsaya masa.

In kuma tsautsayi ya auku, lambar gaggawa ta hukumar 122 ce, kyauta ake kira. Mutane kan yi cirko-cirko suna tsoron ɗaukar wanda ya ji rauni, wai asibiti za a ce sai an zo da ɗan sanda. Dokar 2007 ta sa ƙin karɓar wanda ya yi haɗari cikin jerin laifuka, kuma asibitin da ya yi haka tarar naira 50,000 ce a kansa.