Sabon Kan Famfo Ya Ƙi Zama a Besin: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin wahalar canza kan famfon besin ɗin banɗaki tun daga shago ake sayo ta. Mutum ya ga mai ƙyalli ya biya, sai an iso gida abu ya ƙi zama.

Me zan auna kafin in tafi kasuwa?

Ciro tsohon ka sa a leda har da tiyonsa, ka tafi da shi. Ramin besin yawanci faɗinsa milimita 35 ne ko kusa da haka. In ramukan sun fi ɗaya, auna daga tsakiyar na hagu zuwa tsakiyar na dama. A kayan Amurka tazarar kan zama inci 4 ko inci 8.

Besin ɗina rami uku ne, sabon famfon kuwa ƙafa ɗaya gare shi. Yaya zan yi?

Akwai farantin ƙarfe da ake shimfiɗawa ya rufe na gefe biyun. In akasin haka ne, rami ɗaya famfo mai ƙafa biyu, mayar da shi shago. Huda tangaran kasada ce, besin ɗin kan tsage.

Notin tiyo ya juya sau biyu ya cije, ga yoyo. Ina matsalar?

Nan aka fi yin ɓarna. Haƙoran bututu, wato zaren da noti ke hawa, iri biyu ne a kasuwa. Na Ingila, wato BSP, shi ake amfani da shi a Najeriya da Turai; Amurka kuwa NPT take yi. A girman rabin inci dukansu haƙora 14 ne a kowane inci, shi ya sa suke yaudara: noti zai kama kamar nasa ne. Amma kusurwar haƙorin ta bambanta, digiri 55 a na Ingila, 60 a na Amurka. Mai saurin hannu sai ya ɗauko sifana ya danna da ƙarfi, ya cinye haƙoran, ya yi asarar famfo da tiyo gaba ɗaya. Maganin ɗan mahaɗi ne mai haɗa iri biyun, ko a canza tiyon. A Nijar kuma da lambobin Faransa ake kiran girman: rabin inci shi ne 15/21, ƙaraminsa 12/17.

Farin tef ɗin da ake naɗa wa haƙoran ba zai tsayar da yoyon ba?

A notin tiyo, a'a. Baƙar robar da ke cikinsa ce ke tare ruwa. Leƙa ka gani, sau da yawa ta faɗi a kwali ne. Ɗaure da hannu, ka ɗan ƙara kaɗan da sifana, shi ke nan.

Famfon yana girgiza ko da na matse shi fa?

Ko ramin ya yi masa faɗi, sai a sa washa babba ta ƙasa, ko kuma dutsen da aka ɗora besin a kai ya yi kauri har ƙafar ba ta leƙo sosai ba, noti bai sami abin kamawa ba. Wannan sai famfo mai doguwar ƙafa.

Komai ya zauna, amma ruwan tsiyaya kawai yake yi. Me ya faru?

Kwance ragar bakin famfon tukuna, yashin rijiyar burtsatse na toshe ta. In fes take, duba tankinka. Da bar ake auna ƙarfin ruwa: kowace mita 10 ta tsayi ƙarfin bar 1 take bayarwa, don haka tankin da ya ɗara famfo da mita 3 ƙarfinsa bai wuce bar 0.3 ba, alhali wasu famfunan masu gauraya ruwan zafi da na sanyi bar 1 suke nema. Adadin na rubuce a takardar cikin kwalin, wadda fulamba kan jefar kafin ya fara aiki.