Masu son shiga koyon kare kai, ku fara biyowa ta kilinik

Salam ƴan makaranta, musamman ku da kuke zaune a wajen makaranta, unguwannin Gwallameji da Yelwa da kewaye a nan Bauchi, masu dawowa daga karatun dare. Na ji wasu ɗalibai ƴan uwanku sun buɗe ƙungiyar koyon kare kai bayan la'asar, ba a biyan ko sisi, kuma ko baka taɓa ɗaga ƙafa ba za a karɓe ka. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya ina goyon baya, amma akwai maganar da nake so ku ji kafin ku tafi.

Wasu suna jin an ce karate ko taekwondo sai su ɗauka fim ne, wata uku mutum zai fara tashi sama. Wallahi satin farko abin da za a koya maka shine yadda ake faɗuwa, ka sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji kar ƙeya ta bugi ƙasa, kar ka tokare da tafin hannu, don wannan tokarewar ce take karya wuyan hannu, kuma wannan darasin ko daga kan achaba ka faɗo zai maka amfani. Sai yadda zaki zame hannunki idan an riƙe, ki juya ta wajen babban yatsan mutum don nan riƙon ya fi rauni, ki yi ihu, ki gudu inda mutane suke.

In mai ƙwacen waya ya zaro wuƙa, ba shi wayar. Mu muke wanke ciwon waɗanda suka yi gardama, yawanci a tafin hannu ko yatsu yake saboda mutum ya kai hannu zai kama, kuma idan jijiyar yatsa ta yanke ɗinkin kilinik baya isa sai an tura ka tiyata, wani ma yatsan baya komawa daidai, ga jarabawa a gaba da wane hannun zaka rubuta? Duk malamin da ya ce zai koya maka ƙwace wuƙa cikin sati biyu ni dai ban yarda da shi ba.

Ta ɓangaren lafiya kuwa riba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, ku kuma daga lakca sai gado sai waya. Amma mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya ko wanda zuciya ke bugawa da ƙarfi ba dalili, ya zo mu duba shi tukuna. Ba hana ku zamu yi ba. Mai sikila ƙishirwa da gajiya mai tsanani ke tayar masa da ciwo, balle zafin Maris da Afrilu na Bauchi, ruwa ya zama yana hannunsa kullum. Mai asma kar ya bar abin shaƙarsa a hostel.

Ku yanke farce, a cire zobe da agogo, ƴan mata a cire fil ɗin hijabi a sa mai shiga kai tsaye, ku kuma nemi a haɗa ku atisaye da mace ƴar uwarku, wannan haƙƙinku ne. Mai makero ya yi magani ya warke kafin ya hau katifar atisaye don yana yaɗuwa fata da fata.

Wanda ya bugu a kai kuma ya fara jiri, amai ko ganin dishi-dishi, a tsayar da shi a kawo mana ranar, kar a ce ya sha panadol ya kwanta. Kayan sawa kuma kar ya dame ku, wandon motsa jiki da riga mai yalwa sun isa ranar farko, sai gorar ruwa.