Waiwaye: limfoma da ke dawowa a ƙwaƙwalwa bayan dashen ɓargo

Ana ta ce-ce-ku-ce a Gombe, daga majalisa har Facebook, kan masu kansar kaluluwa, wato limfoma, da ake haɗa wa kuɗi su je Indiya ko Masar dashen ɓargo, su dawo garau, can sai a ji ciwon ya ɓulla a ƙwaƙwalwa. Wasu su ce kuɗi kawai aka ci, wasu su ce ai jifa ne. To abin fa ya girmi wannan surutun.

Likita Hodgkin ya bayyana cutar a 1832, likita Burkitt ya gano irin ta yara a Yuganda a 1958, likita Donnall Thomas ya samu kyautar Nobel kan dashen ɓargo a 1990. Wannan kam ana yawan faɗa.

Wanda ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya faru a shekarun 1960 da yara masu kansar jini a Amurka. Kemo, wato maganin kashe kansa, ya fara aiki, a gwada jini a ga fes, iyaye su fara murna, sai yaro ya dawo da ciwon kai da amai da ido a karkace, a ɗebi ruwan gadon baya a tarar da cutar zaune a ciki. Ashe shingen da Allah ya yi tsakanin jini da ƙwaƙwalwa don tare guba, har magani yake tarewa. Shi ya sa su likita Donald Pinkel a birnin Memphis suka koma zuba wani maganin kemo mai suna methotrexate ta gadon baya tare da yi wa kai gashi da hasken na'ura tun kafin ciwon ya nuna.

Shingen nan dai shi ne matsalar limfoma har yau, don yawancin kemon da aka saba bayarwa ba ya ratsa shi sosai. In ta dawo a kai, methotrexate mai yawan gaske ake ɗurawa, da ƙarin ruwa ba ƙaƙƙautawa da gwajin ƙoda, wani a ƙara masa gashi, wani a ba shi CAR-T, wato a sarrafa ƙwayoyin garkuwar jikinsa su yaƙi cutar, maganin da Amurka ta amince da shi a 2017, mai tsadar tsiya.

Abin da ya fi damuna a nan gida shi ne bibiya. Mutum ya fara mantuwa ko sambatu sai a ruga kemis a karɓo dexa, wato dexamethasone, ita kuwa tana kwantar da ƙarin da ya fito a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, har a zo ɗibar nama don gwaji a rasa abin ɗiba.